Baba ya ce mu ba maroƙa ba ne, ni kuma mastas ɗin tsara kiɗa nake so

Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 29, na yi digiri a ilimin kwamfuta na gama bautar ƙasa, da safe ina koyarwa a wata makarantar kuɗi da yamma kuma ina situdiyo, yau shekara 6 ke nan ina haɗa wa mawaƙa kiɗa, fiyano ma da kaina na koya. Gaskiya Anti na gaji, kullum bit ɗaya ne, mawaƙi zai zo ya ce yi min irin na wane. Ni burina in yi mastas a fannin tsara kiɗa, in iya rubuta kiɗan da za a haɗa kalangu da goge da algaita da manyan kayan kiɗan Turawa. Sai dai nota, wato rubutun kiɗa, ban iya karantawa sosai ba, da kunne nake aiki. Na gaya wa Baba ya ce mu ba maroƙa ba ne, ba mu gada ba, situdiyon ma kawaici yake min, in na sake ta da maganar kada in ƙara zuwa gaishe shi. Umma kuka kawai take. Ga yarinyar da nake nema shekara 3, babanta ya ce in fito bayan Babbar Salla ko ya ba wani. Kuɗin da na tara na lefe ne, kuma wani ejan ya ce in ba shi rabi zai samo min admishan a Ingila cikin wata 2. Kaina ya kulle. In tafi in bar komai ko in haƙura in binne burina?

Ƙaninki daga Kano

Toh ƙanena, sannu da ƙoƙari, wasiƙarka sau biyu na karanta ta. Kafin mu taɓa maganar Baba da ta yarinyar nan bari in fara da wadda ba ta jira, kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi. Ban ce ɓarawo ne ba, amma abin da ya yi maka alkawari ba a hannunsa yake ba. Mastas ɗin tsara kiɗa ba irin kwas ɗin da ake cike fom a liƙa sakamakon digiri a zauna jiran amsa ba ne. Makarantu irin su Royal College of Music da Royal Academy of Music da Guildhall a Landan, ko Royal Northern da ke Manchesta, abin da suke fara nema shi ne aikin hannunka, abin da suke ce wa fotfoliyo, wato kiɗa kamar uku ko huɗu da kai ka ƙirƙira, a rubuce da nota, in da hali haɗe da rikodin ɗinsu. Malaman sashen ne za su zauna su duba takardun nan, in sun hango wani abu su kira ka intabiyu su tambaye ka me ya sa ka yi kaza a nan, kiɗan wa kake saurare, me kake so ka koya a wajenmu. Wane ejan ne zai amsa maka wannan? Iyakarsa a wata biyu ya samo maka wani kwas daban a wata makarantar da ba ruwanta da abin da kake so, ka je ka tarar ga bashi ga sanyi, lefe kuma ya bi ruwa.

Yanzu ka ɗauka Baba ya kira ka gobe bayan asuba ya ce na yarda jeka Allah ya yi maka albarka, wani attajiri kuma ya ce duk kuɗin a wuyansa. Me za ka tura wa makarantar? Kai da bakinka ka ce da kunne kake aiki. Wallahi ban raina kunne ba, Shata da Narambaɗa da Ɗankwairo ba wanda ya rubuta nota a cikinsu kuma har gobe ana jin su, amma abin da kai ka ce kana so daban ne. Mutum hamsin ko sittin da ke zaune a okestira ba za ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana rera musu abin da za su kaɗa ba, takarda za ka ajiye wa kowa a gabansa, in ba ka iya rubuta ta ba shikenan kiɗan ya tsaya a cikin kanka. Ka ga ke nan tambayar da ka yi min, in tafi ko in binne, lokacinta bai yi ba tukuna. Bana dai ba inda za ka, ko Baba ya so ko bai so ba, kuma ba abin da za ka binne. Akwai aikin shekara guda, wataƙila biyu, da ke gabanka wanda ba ya buƙatar biza ba ya buƙatar izinin kowa, kuma shi ne ba ka fara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda nake ganin aikin. Ka fara da karatun nota da ƙa'idojin jituwar sauti, ka ba shi awa ɗaya kullum, ko bayan sallar asuba kafin ka tafi makaranta, don in ka ce sai dare situdiyo zai cinye ka. Akwai jarabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila mai mataki 1 zuwa 8, ana yin ta a Najeriya, cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas ita ma tana da nata matakan, ka sa a ranka mataki na 5 ne zangon farko daga nan ka wuce. Satifiket ɗin zai cike maka wani giɓi tunda digirinka ba na kiɗa ba ne. Malami kuwa kada ka ce babu a Arewa, masu kaɗa ogan da shugabannin mawaƙan coci a Sabon Gari da Kaduna da Jos akwai waɗanda suka iya nota sosai a cikinsu, haka ’yan badujalar soja da ta ’yan sanda da takarda suke busa, ka samu ɗaya ka riƙa biyansa yana duba maka aiki sau ɗaya a sati. Ka sauke MuseScore, manhajar rubuta nota, a kwamfutarka, kyauta ne, kai da ka karanta kwamfuta kwana uku ya ishe ka ka gane kansa. Sai ka ɗauko bit ɗin nan da ka ce ka gaji da su ka riƙa mayar da su rubutu ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji haushi da farko, abin da kake haɗawa a minti goma zai ci maka yini, amma ta nan hannu zai kama abin da kunne ya riga ya sani.

Sai abin da ya fi faranta min rai a wasiƙarka, inda ka ce kalangu da goge da algaita. Ƙanena nan jarinka yake kuma ina jin ba ka san nauyinsa ba. In ka tura musu kwaikwayon kiɗan Turawa, farfesan da zai duba ya ga irinsa ɗari daga yaran da suka fara fiyano tun suna shekara biyar, ba za ka kamo su ba. Amma wa zai tura masa kiɗan da ya fahimci yadda kalangu ke magana? Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa, ga gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa makaɗi ke matse kalangu a hammata ya sassauta har ka ji ya kira sunan mutum da kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Kakaki sauti biyu kawai gare shi amma dubi abin da yake yi wa jikin mutum ranar hawan salla. Sannan duk wanda ya taɓa gwada haɗa goge ko algaita da fiyano a situdiyo, na san ka gwada, ya san muryarsu ba ta zama daidai a kan maɓallan fiyano, kullum akwai ɗan ratsi, yawancin masu situdiyo sai su sa kwamfuta ta daidaita shi su kashe daɗin. To yaya za a rubuta wannan ratsin a takarda har mai goge na Turawa ya bi shi? Yaya za a raba tsarin jagora da ’yan amshi a tsakanin kayan busa da na tsirkiya? Waɗannan tambayoyin su ne irin abin da ake yin mastas a kai, har digirin digirgir ma.

Kuma ba kai ne farkon mai bin irin wannan hanyar ba. Bela Bartok na ƙasar Hangari ƙauye-ƙauye ya riƙa bi a farkon ƙarni na 20 da na'urar ɗaukar sauti yana naɗar waƙoƙin manoma, daga nan ya gina kiɗan da duniya ta san shi da shi. A nan gida Fela Sowande ya yi da waƙoƙin Yarabawa, Akin Euba da ya rasu a 2020 ya yi digirinsa na uku a Gana a kan gangar dundun, ’yar uwar kalangunmu, ya kuma yi ta nuna yadda za a sa fiyano ya yi magana kamar ganga, Joshua Uzoigwe ya yi da kiɗan Ibo. Mu a namu ɓangaren an yi aiki mai yawa a kan kalmomin waƙa, su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun tara abin da ba ya misaltuwa a kan makaɗan baka, amma wajen ɗaukar shi kansa sautin a rubuta a gina sabon abu a kai, gonar tana nan fili guda masu nomanta kaɗan ne. Saboda haka ka nemi tsofaffin makaɗa tun suna raye, ka je musu da ladabi a matsayin ɗalibi, ka biya su haƙƙinsu kada ka ce ai bincike ne, ka kawo su situdiyonka ka naɗa. Cikin shekara ka fitar da ayyuka uku, ɗaya na fiyano zalla, ɗaya na kayan kiɗa huɗu ko biyar da kalangu ko goge a ciki, ɗaya na murya. Gajeru ma sun isa, minti huɗu mai kyau ya fi minti ashirin na kame-kame.

In fotfoliyo ya haɗu sai a yi maganar ina. Ni dai da gida zan fara. Jami'ar Nsukka tana da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960, akwai Ife, akwai Ibadan da Legas, ga Jos nan kusa da kai, kuma tunda digirinka na wani fanni ne galibi za a ce ka fara da babbar difloma kafin mastas, ka rubuta wa sashen kai tsaye ka tambaya kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Jami'ar Legon ta Gana, inda marigayi masanin kiɗa Kwabena Nketia ya yi rayuwarsa yana nazarin kiɗan Afirka, ita ma wuri ce, haka Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Ingila da kake hange kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo ya haura Fam 20,000 a shekara a irin makarantun da na ambata, ban da haya da abinci, kuma tun Janairun 2024 mai mastas na zaman aji ba a ba shi damar tafiya da iyali, wannan ya shafe ka kai tsaye. Jamus yawancin makarantun gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu mai yawa, amma kafin biza sai ka nuna wajen Yuro 12,000 na shekara a asusu, ga jarabawar shiga mai zafi, ga Jamusanci da da yawansu ke nema. DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, tana da tallafi na musamman ga masu kiɗa, Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, tana son wanda ya yi aikin shekara 2 kuma kai ka wuce haka, a Amurka kuma akwai jami'o'in da ke ɗauke wa ɗalibi kuɗi su ba shi alawus yana taya koyarwa. Duk waɗannan da kanka ake nema kuma fotfoliyon nan dai shi ne mabuɗin. Kada kuma ka raina digirinka na kwamfuta, akwai mastas na fasahar sauti da kiɗan kwamfuta da na kiɗan fim, kwalejin kiɗa ta Berklee ta Amurka tana da na shekara guda a Balensiya ta Sifen a kan kiɗan fim da talabijin da wasannin bidiyo, irin waɗannan ƙofofin sun fi saurin buɗe wa mai tarihi irin naka.

Amma fa ka tambayi kanka da gaske, ilimin kake so ko takardar? Don in ka dawo da mastas ba wata okestira da ke jiranka a Kano da albashi. Abincin masu wannan karatun yawanci koyarwa ce a jami'a ko kwalejin ilimi, sai kiɗan fim da talla da ɗan aikin da ake ba su jefi-jefi. In koyarwa kake so takardar dole ce. In kuma burinka kawai ka ji abin da ke kanka ya fito, malami mai kyau da shekara biyu na naci za su kai ka nesa ba tare da ka bar gari ba.

Mu dawo kan Baba. Na san maganarsa ta yi maka zafi, amma ka tsaya ka ji abin da ke ƙarƙashinta. Shi a duniyar da ya tashi sana'a gado ce, mahauci ɗan mahauci, maƙeri ɗan maƙeri, makaɗi kuma shi ne mai bin masu kuɗi da sarauta yana wasa su ana yi masa liƙi, ana jin daɗin waƙarsa amma in ya zo neman aure sai a fara duban juna. Da ka ce masa mastas a kiɗa, shi abin da ya gani ɗansa mai digiri riƙe da kalangu a ƙofar gidan biki, abokansa na masallaci suna nuna shi. Ko Shata an sha faɗa cewa mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba saboda wannan dalilin na roƙo, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta zo ta ba digirin girmamawa a 1988. Ban ba ka wannan don ka je ka jefi Baba da shi ba, kada ka kuskura, na faɗa ne don ka san tsoronsa tsoho ne kuma ba ƙiyayya ba ce. Mutumin da ya yi maka kawaici shekara shida kana situdiyo ai ba maƙiyinka ba ne. Wataƙila kuma akwai damuwar addini a ciki, nan ni ba malama ba ce, malamai da yawa sun tsananta a kan kayan kiɗa wasu kuma sun sassauta da sharuɗɗa, ka samu malamin da kai da Baba duk kuke ganin girmansa ka tambaya don ka tsaya a kan sani, kada ka je neman wanda zai faɗa maka abin da kake son ji kawai.

Bana kada ka sake ta da masa maganar, tunda ba abin da za ka nemi izini a kai yanzu. Ka ci gaba da zuwa gaisuwa kamar ba abin da ya faru, ka yi masa hidimar da ka saba har ka ƙara. Ranar da takarda ta zo hannu, admishan na gaske ko tallafi, ba kai za ka tunkare shi ba, ka samu kawunka ko amininsa da yake jin nauyi ya je ya yi masa bayani da harshen da zai gane, cewa karatu ne na jami'a da ake zama malami da shi, ba bin gidajen biki. Kada a yi masa ƙarya a ce kwamfuta za ka karanta, ranar da ya gano abin zai fi na yau muni. Zai iya yarda, zai iya cewa a'a har a lokacin, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da iko a kai ba, amma a'ar da aka faɗa wa yaro mai mafarki da wadda za a faɗa wa magidanci riƙe da takardar tallafi ba nauyinsu ɗaya ba. Umma kuma ka cire ta daga tsakiya dan Allah, kada ka mayar da ita ’yar aike tsakaninka da mijinta, ka je ka ce mata ba inda za ni bana kuma ba zan yi abin da zai raba ni da Baba ba, ka ga ko ba za ta samu barci ba.

Yarinyar nan fa? Na lura duk tsawon wasiƙarka ka faɗi abin da Baba ya ce, da na babanta, da na ejan, amma ita ba ka faɗi ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Ta ma san da maganar? Shekara uku ba wasa ba ne ga ’ya mace, ƙawayenta na ta aure ana yi mata tambaya a gida, kuma babanta bai yi laifi ba da ya sa maka lokaci, ko ni ce haka zan yi. Ka zauna da ita ka faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye, cewa wannan karatun yana ranka, cewa nan da shekara biyu zai iya kai ka Jos ko Ife ko ma waje, cewa ba harkar da ake kuɗancewa da wuri ba ce. In ta ji ta ce ta amince, ni a ganina ka fito bayan Salla kamar yadda aka ce, a yi lefe daidai ƙarfi kada ka ci bashi don burge dangi, aure ba ya hana awa ɗaya na nota bayan asuba. In kuma ka duba zuciyarka ka ga gaskiya tafiyar ta fi ta nauyi a wajenka, ko ita ta ce ba za ta iya zama da wannan rayuwar ba, to ka sallame ta yanzu da mutunci tun kafin Salla, kada ka riƙe ’yar mutane da in sha Allahu har shekara ta biyar. Kuɗin lefen nan kuwa ko an yi auren ko ba a yi ba, ba na ejan ba ne.

Satin nan abu uku nake so ka yi, ka kira ejan ka ce ka fasa, ka je ka ga yarinyar, ka sauke MuseScore ka rubuta layi takwas na farko ko da na waƙar gaɗa ce da ka sani tun kana yaro. In ka gama aikin farko na fotfoliyon ka sake rubuto min, ina so in ji yadda ka yi da ratsin gogen nan, kuma ka faɗa min abin da ita ta ce.